Zauren 'Yan Mata: Masu Regen Yashi A Amurka

Yau mun ajiye zancen soyayya, zancen zinare za mu yi, don na san ko wacce ta ji an ce gwal sai ta gyara zama.

Wai kun san a Amurka akwai masu sa kuɗinsu su sayi yashi a leda? Wasu a kantin kayan gini suke saye, irin wanda ake zuba wa yara su yi wasa, wasu kuma su aika a kawo musu ƙasar da aka ce daga mahaƙar zinare aka ɗebo ta. Sai mutum ya zauna a bayan gida da baho cike da ruwa, ya riƙe faranti mai zurfi yana juyawa yana karkatawa. Wallahi rege ne sak irin na shinkafa! Sai dai mu tsakuwar da ta kwanta a gindin ƙwarya muke zubarwa, su kuwa abin da ya kwanta suke nema. Zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashi ko sau 3 bai kai ba, shi ya sa ruwa ke tafiya da yashin ya bar zinaren. Baƙin yashi mai ƙarfe kan maƙale, sai a janye shi da maganaɗisu.

Abin gado ne a wurinsu. A 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinare a bakin kogi a Kalifoniya, kafin 1849 ta ƙare jama'a sun yi tururuwa can da farantansu.

To amma fa ku ji, sau da yawa mai sayar da ledar shi ya auna 'yan ƙwayoyin ya barbaɗa da hannunsa, kuma galibi abin da za a tsinta bai kai kuɗin ledar ba. Kamar saurayi ne ya ranci kuɗinki ya yo miki toshi, ke kuma kina ta godiya! In nishaɗi ake nema ba laifi, amma wannan ba sana'a ba ce.

Abin da ya tsaya mini a rai, su wasa suke yi. Mu kuwa a Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, a tsakar gidan da uwa ke girki ƙannenmu na rarrafe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙunku.