Wanda ya ce Omikron ƙirƙira ce, ƴan Afirka ya ƙaryata

Har gobe, in aka tada zancen korona a fadarmu, sai wani ya gyara zama ya ce: "Mushe, bar wannan magana. Turawa ne ke ƙirƙiro sunaye, yau Alfa, gobe Delta, jibi Omikron, don su saida allura." A yi dariya, a zuba shayi na biyu. Wannan dariya ta ishe ni, musamman da na ji ta a bakin malaman makaranta ƴan'uwana, waɗanda yara saba'in ke sauraro kowace safiya.

Duk malamin da ya taɓa gyaran jarrabawa ya san wannan. In yaro ɗaya ya yi kuskuren harafi, ka kuma tarar da kuskuren a takardu biyar, ba ka bukatar boka ya faɗa maka wa ya kwafi wa. In na shida yana da kuskuren nan haɗe da wani sabo, ka san daga baya ya kwafa. Aikin masana ke nan. Ƙwayar korona tana ɗauke da rubutun gadonta, haruffa kusan 30,000, daga baƙaƙe huɗu kacal. Duk jikin da ta shiga, sai ta yi ta kwafar kanta, jefi-jefi kuma harafi ya kuskure. Masana suna ɗaukar majinar majiyyaci, na'ura ta karanta rubutun daga farko har ƙarshe, a ɗora shi a intanet, a rumbu irin GISAID, inda kowane ƙwararre zai gwada shi da na wasu ƙasashe. Tun a Janairun 2020 wani masani ɗan Sin, Zhang Yongzhen, ya fitar da rubutun farko ga duniya. Daga nan ake zana asalin ƙwayar, kaka da jikoki, kamar yadda maroƙi ke jero zuriyar gidan sarauta.

Galibin kurakuran nan ba su canza kome. Amma in suka taru a ƙayar da ke jikin ƙwayar, wadda take maƙale wa jikin mutum da ita, to lamarin ya sake. Garkuwar jiki da wannan ƙaya take shaida ɓarawo, ko ta san shi ta hanyar allura ko ta hanyar ciwon da aka taɓa yi. In ɓarawo ya sake rawani, mai gadi na iya barinsa ya wuce. Wannan ma gwada shi ake yi: a ɗibi jinin wanda aka yi wa rigakafi, a haɗa shi da sabon nau'in a ɗakin bincike, a ga ƙarfin da ya rage masa. Da aka yi haka da Omikron a birnin Durban a Disamban 2021, an ga ƙarfin tare ƙwayar ya faɗi ƙwarai. Shi ya sa masu allura da yawa suka kamu. Sai dai jiki na da wata runduna ta biyu, wadda ke farautar sassan da ƙwayar ta riga ta shiga, kuma ita rawani bai cika ruɗa ta ba. Shi ya sa allurar ta ci gaba da rage kwanciya asibiti da mutuwa.

Yanzu ga tambayata ga masu dariya: wa ya gano Omikron? Dakta Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a Botsuwana, da ayarin Farfesa Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu, su suka ga ƙwaya mai canji fiye da 30 a ƙayarta kaɗai. Ranar 24 ga Nuwamban 2021 aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, ranar 26 ta raɗa mata suna. Sunayen ma, baƙaƙen Girkanci ne da hukumar ta fara amfani da su a Mayun 2021, don a daina jingina cuta ga sunan wata ƙasa. Me aka saka wa waɗannan bayin Allah da shi? Ingila da Amurka da ƙasashen Turai suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa, jirage suka tsaya, masu abinci a harkar baƙi suka shiga uku. Bayan ƴan kwanaki Holand ta gano ƙwayar a samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar. Wato mai gaskiya aka kama, ɓarawo kuwa tuni yana cikin gida.

Ga abin fushi nan in fushi kuke so. Turai ta hukunta masananmu don sun faɗi gaskiya, mu kuma muna zaune a kan tabarma muna cewa ƙarya suka yi. Wanne ya fi ciwo? Na yarda akwai dalilin zargi. Mun ga yadda ƙasashe masu kuɗi suka boye allura a rumbunansu muna kallo, kuma kamfanonin magani ba don Allah suke aiki ba. Amma cin ribar ɗan kasuwa bai mai da ciwo ƙarya ba.

Mu a Nijar ma bai kamata a koya mana wannan darasi ba. Sanƙarau, ko da yake ƙwayarsa wani jinsi ce daban, iri-iri ne. An fara yi mana allurar nau'in A a 2010, ya ja baya, sai ga nau'in C ya auka wa Yamai da kewaye a 2015. In ba a tantance nau'in ba, wace allura za a saya? Irin aikin da cibiyar CERMES ke yi ke nan a Yamai. Makwabta kuma sun nuna ana iyawa: a Maris na 2020, ɗakin binciken Farfesa Christian Happi a garin Ede na Najeriya ya karanta rubutun koronar farko a Afirka cikin ƴan kwanaki.

Don haka ina kira ga mahukunta su zuba kuɗi a na'urori da horar da ƴaƴanmu, har Maradi da Damagaram da Tawa su iya tantance ƙwaya ba tare da jiran wata ƙasa ba. Ku kuma abokan alli, yaron da za ya yi wannan aiki gobe yana zaune a bencin ajinku yau. In kun koya masa cewa bincike yaudara ce, ranar da wata annoba ta ɓullo daga ƙauyensu, sai mun jira baƙo ya faɗa mana sunanta. Allah ya kiyaye.