Tagulla Ko Roba: Wanne Ya Dace Da Farantin Madannai?

Kamar yadda ma'abota rubutu da kwamfuta suka sani, akwai irin allon madannai wanda kowane harafi yake da makunninsa na kansa mai sifirin a ciki. Ƙarƙashin madannan kuwa akwai wani faranti mai huji-huji, shi ke riƙe da makunnan don kada su karkace. Tun da kamfanin Cherry na Jamus ya fito da makunninsa mai suna MX a farkon shekarun 1980, ma'aunin farantin nan bai sauya ba: kauri milimita 1.5, kowane huji milimita 14 tsawo da faɗi. Abin da ake jayayya a kansa shi ne da me za a ƙera shi.

Da can baƙin ƙarfe aka fi sani, sannan alminiyam. Daga baya masu sha'awa suka ɗaukaka tagulla, har ta zama alamar ƙasaita. To, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tagulla ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, ga tsada, ga shi tana dushewa in ba a shafe ta da wani abu ba. Babban aibinta kuwa shi ne tauri. Duk lokacin da yatsa ya kai madanni ƙasa, farantin ba ya sassautawa ko kaɗan, sai bugun ya komo wa yatsan. Mai rubuta wasiƙa ɗaya ba zai damu ba. Ɗalibin da ya yini yana buga kundin digiri shi zai ba da labari.

Saboda haka ya kamata a dubi kayan da ake rainawa. Na farko shi ne FR4, wato zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro, irin wanda ake yin allon wayoyin lantarki na cikin rediyo da kwamfuta da shi. Ashe ke nan duk masana'antar da ke buga irin wannan allo za ta iya yanka faranti ba tare da sabuwar na'ura ba, shi ya sa yake da araha. Taurinsa tsaka-tsaki ne, bai kai ƙarfe ba, ya fi roba. Sai robar folikabonet, wadda nauyinta bai kai rabin na alminiyam ba. Tana lanƙwasa kaɗan a ƙarƙashin yatsa, ƙararta kuma mai zurfi ce, ba ta amo irin na kwano. Akwai kuma POM, wata roba mai santsi da ake yin ƙananan giya na injuna da ita.

Masu son ƙarfe suna da hujja, ba a musa ba. Faranti mai laushi yakan lotsa wajen cusa makunni, har a lanƙwasa ƙafar makunnin in ba a tallafe shi ta ƙasa ba. Haka kuma in aka ɗaure farantin tamau da kusoshi a jikin akwatin, laushin nasa ya tashi a banza. Sai an ɗora shi kan 'yan matasan roba ko soso ake jin bambancin sosai. Sai dai waɗannan matsaloli ne na ranar haɗawa, alhali taurin tagulla kullum ne.

Abin lura a nan shi ne, shi kansa kamfanin Cherry ya fitar da allonsa G80-3000 a 1988 ba tare da faranti ba sam. Makunnan suna da ƙarin ƙafafu biyu na roba da ke shiga allon wayoyi kai tsaye, su tsaya daram. Idan har allo zai yi shekaru yana aiki babu faranti, da wace hujja za a ce wa mai saye sai ya biya kuɗin tagulla? Wanda aikinsa rubutu ne ya fara da FR4. In ya ga yana son ƙarin laushi, ya koma folikabonet.