BAƘO DA LAMUNI A KARAR WUDIL

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a Wudil daren Jumma'a ya san abin da za ni faɗa. Tun da la'asar ɗin Alhamis motoci su ke fara sauke shanu, waɗansu daga Maigatari inda kasuwa ta ci a ranar, waɗansu daga gabas ta hanyar Maiduguri. Kafin hantsi kara ta cika ta batse. Cikin masu dabbobin nan akwai mutanen Damagaram da Maraɗi, akwai na Cadi. Ciniki kuwa ba duka a ke biya nan take ba. Wani sa ya kan kai Legas, a yanka, a cinye, mai shi bai ga kuɗinsa ba tukuna, amma yana barci har da minshari, gama akwai wanda ya tsaya masa.

Wanda ya tsaya ɗin nan shi ne fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya shaida dabbar ba ta sata ba ce. In an sayar bashi, shi ne lamuni. Baƙon da ya zo saye kuwa ba a sakar masa igiya ran farko. Zuwan fari ya biya lakadan. Na biyu ma haka. Sa'an nan wata rana a bar masa ɗan ciko zuwa Jumma'a mai zuwa. In ya kawo, a bar masa saniya guda. A haka a haka, har ran da za a loda masa mota a kan kalmar bakinsa. Shekaru a ke yi ana wannan awo, kuma babu ranar da ya ke wucewa ba a lura da shi ba.

Wannan dabara ba a Wudil ta tsaya ba. Kakanninmu sun kai ta Kumasi, sun kai ta Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 yana kallon yadda masu gida Hausawa su ke sayar wa mahauta Yarabawa shanun baƙinsu bashi, ba takarda, ba sa hannu. Ya tarar dillalai sun san kowane mahauci: nawa a ke binsa, nawa ya kan sayar, yaushe ya taɓa saɓa alkawari. Watau aikin da manyan kamfanoni su ke yi yau da kwamfuta, su da ka su ke yinsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan suna da baƙo ya sha wuya ya gina, a bakin kara ya ke tsayawa. Bara na raka wani mutumin Damagaram banki a Kano, domin aikina na akawu ya sa a kan zo mini da cike takardu. Shekararsa tara yana zuwa Wudil, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa wurin sarkin kara. Yana so ne a taimaka masa da kuɗin mota guda ta shanu kafin Babbar Salla. Yaron da ke kan tebur, mai ladabi ne ba laifi, ya danna na'urarsa, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, ai ba ka da tarihi." Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, tarihin me? Ya tambayi Wudil mana." Na rasa ta cewa. A wurin na'urar nan, mutumin da ya biya bashi sau ɗari da jaririn da aka haifa jiya duka ɗaya ne.

Bari in bayyana tarihin da yaron ya ke nufi. Tun 2009 Babban Bankin Nijeriya ya ba kamfanoni uku izinin tattara labarin masu cin bashi. Sunayensu yau CRC, FirstCentral da CreditRegistry. A 2014 aka fito da lambar BVN domin a san kowa da zanen yatsunsa. A watan Mayu na 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a dokoki biyu: ɗaya ta tsara aikin kamfanonin nan, ɗaya ta yarda a yi jingina da dukiya mai motsi, har da dabbobi, ba sai gida ko fili ba. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma labarin da ke shiga na'ura galibi daga bankuna ya ke fitowa. Wanda banki bai taɓa ba shi bashi ba, ba shi da tarihi. Wanda ba shi da tarihi, banki ba ya ba shi bashi. Ina baƙo zai kama bakin zaren?

'Ya'yanmu da su ka tafi Amurka karatu sun ɗanɗana irin wannan. Can tun 1989 a ke ba mutum maki na FICO, daga 300 zuwa 850, kuma da shi a ke duba ko za a ba ka hayar ɗaki. Sabon zuwa sai ya ajiye kuɗinsa a banki, a ba shi katin bashi daidai abin da ya ajiye, ya riƙa ci yana biya wata wata har sunansa ya fito. Ashe dai ɗan cikon nan ne na fatoma, sai dai su sun rubuta.

Abin da ni ke kira gare shi shi ne mu ma mu rubuta. Shugabannin kara su buɗe littafi: wane ya ɗauki kaza ran kaza, ya biya ran kaza, shaidu su sa hannu. Mai suna ya sami kwafi a hannunsa. Gwamnatin Jihar Kano da Babban Banki su zauna da kamfanonin nan uku su shirya yadda littafin zai shiga na'ura, tun da ya ke dokar 2017 ba ta ce banki kaɗai ke ba da labari ba; ta haɗa da masu ba da kaya a biya daga baya. Fatoma kuwa aikinsa ke nan tun kafin a haifi banki.

Na san abin da za a ce mini. Waɗansu za su ce ba ruwansu da banki saboda riba. Gaskiyarsu. Amma tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba kuɗin ruwa, waɗansu sun biyo baya, kuma su ma sai sun duba wane ne kai kafin su saya maka kaya. Waɗansu za su ce rubutu ƙofar haraji ne. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Mai shanu bai manta da jangali ba, ko da ya ke Abubakar Rimi ya soke shi a Kano tun 1979. Saboda haka littafin ya zama na 'yan kasuwa, kada a buɗe shafin kowa sai da yardarsa.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa a fili. Muddin sunan baƙo yana bakin mutum ɗaya, baƙon yana aljihun mutumin nan. Galibin fatomomi mutanen kirki ne, na shaida. Amma in sun saɓa fa? In fatoma ya rasu fa? Shekara tara ta bi ruwa, sai a koma lakadan. In kuwa Gwamnati ce ta juya baya, abin ya fi muni. A Nuwamba 1969 Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. 'Yan'uwanmu da yawa su ka dawo ba dukiya, ba wanda ya san amanarsu a nan. A 1983 mu ma mu ka yi wa mutanen Gana haka. Ga shi a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mutanenmu 'yancin kai da kawowa. Shanu ba su daina zuwa ba, amma mai hankali ya kan gyara rufinsa tun da rani.

Kafin manya su farka, kai baƙo ga abin da ke hannunka. Gyara takardun zamanka, ka nemi lambar NIN, gama baƙon da ke zaune bisa doka yana da ikon samunta. Buɗe asusu da sunanka, ba da na yaron fatoma ba, kuɗin cinikinka su riƙa ratsawa ta ciki; wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan wannan. Kowane ciko ka biya, nemi rasit.

Alhajin Damagaram dai fatomansa ne ya haɗa masa rabin mota. Asusunsa yanzu wata goma sha ɗaya da buɗewa, rasit ɗinsa kuma suna cikin wata tsohuwar jakata a ofis. Bayan Salla za mu koma wurin yaron nan.