Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ikilisiyoyin Tambuwal da Kebbe

Shaye-shaye na cikin manyan hanyoyin da matashi ke hallaka kansa da hannunsa. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tiramol, wiwi da sholisho suna nan suna cin rayuka.

A koyarwar Kirista, jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kamar yadda Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa, don haka lalata shi zunubi ne. Mafita ita ce tuba da sabunta zuciya. Misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, ya nuna uba yana tarbar mai tuba da farin ciki. Abin takaici, sau da yawa mashayi kunya da tsangwama yake tararwa, sai ya ƙara nisa da sujada.

Ana roƙon fastoci, dattawa da zumuntar mata su bi waɗannan matasa har gida da addu'a da nasiha. Wanda abin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kware. A kuma haɗa hannu da limamai da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, domin annobar ta shafi kowane gida.