Keana na ciyar da birni, amma wa ke yi mata ajiya?

Mazaunin Agege ko Idi-Araba, idan tukunya ta ƙi ɗoruwa, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Akwai Lagos Food Bank Initiative mai tara abinci tana raba wa mabuƙata, a 2024 gwamnatin Legas ta buɗe kasuwannin Ounje Eko na ɗan lokaci da rangwamen kashi 25 cikin ɗari, ga masallatai masu rabon buɗa-baki. Ba su wadatar ba, amma dai akwai su.

To, mu leƙa Keana ta jihar Nasarawa, garin Alago da ya yi suna da gishiri. Daga irin waɗannan yankuna ake lodo doya da shinkafar da 'yan'uwanmu ke saukewa a Mile 12. Sai dai da wuya ka ji labarin rumbun agaji irin na Legas a can. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kamfanoni da manyan kantunan da ke ba da rarar kaya a birni suke, masu ɗaukar hoto ma haka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, kuɗin kai buhu ƙauye kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar mai niyya.

Saura rabon gwamnati, wanda sai ya bi ta Lafia, ya sauka ƙaramar hukuma, ya gangaro mazaɓa, a ƙarshe a auna da mudu. Kuma rabon rana ɗaya na da haɗarinsa. A Maris na 2024 ɗalibai mata biyu sun rasu a turmutsitsin karɓar shinkafa a jami'ar jihar da ke Keffi.

A ganina ma ba irin maganin birni Keana ke buƙata ba, don yunwar ƙauye tana da lokacinta. Manomi na sayar da amfaninsa da kaka a wulaƙance saboda bashin taki da kuɗin makaranta, sannan ya dawo kasuwa tsakiyar damina ya sayi abin da ya noma da tsada. Wanda rikicin manoma da makiyaya ya raba da gonarsa, kamar yadda aka gani a Kadarko da Giza a 2018, shi ko na sayarwar ma ba shi da shi.

Ƙauyukan Maraɗi a Nijar sun daɗe da bankin hatsi: kwamitin gari ya saya da kaka, ya adana, ya fitar da sauƙin farashi idan damina ta yi tsakiya. Wasu sun durƙushe, galibi saboda bashin da ba a biya ba, don haka riƙon littafi ne ginshiƙin abin.

Ƙungiyoyinmu na nan kudu da ke tara kuɗi su aika gida da azumi za su iya gwada wannan. Kuɗin da ke sayen buhu a Yuli ya fi auki a Disamba, kuma zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ga noman damina, za ta samu rumbun da za a zuba ta.