Hular da ke kanmu ma littafin lissafi ce



A darasin hutun da muka shirya wa yaranmu, malami ya ja layi biyu a allo, na kwance da na tsaye, ya sa ɗigo a (2, 3), ya ce a nuna masa inda ɗigon zai faɗa idan layin tsaye ya zama madubi. Aji ya yi tsit. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a cikin waɗanda suka sunkuyar da kai har da wata yarinya mai ɗinkin hula bayan an tashi makaranta. Kullum sai ta maimaita zane ɗaya a kewayen hula ba ta ɓata ƙirge ba. Abin da ya gagare ta a allo, shi take yi da allura.

Mai ɗinki idan ya gama fure ɗaya, ya ƙirga, ya matsa gaba ya sake irinsa, gusarwa ya yi: ɗigon da ke (2, 3) ya matsa gida 4 dama, ya koma (6, 3). Idan ya yi rabin zane ya kifa shi a ɗaya gefen, madubin nan ne, amsar kuwa (-2, 3). Idan ya juya zanen rabin zagaye, kamar yadda ado ke kewaya tsakiyar faifai, ya sauka a (-2, -3). A Amurka wasu malamai da bargon da ake haɗawa da ƙyallaye suke koyar da wannan darasi. Mu da muke da hula da tabarma da aikin babbar riga irin na Bida, me za mu aro?

Mun ji masu cewa ba koyon sana'a aka kawo yara ba, kuma lokaci bai isa ba. Suna da gaskiya ta wani fanni: hula ba za ta gaya wa yaro dalilin da 2 ta zama -2 ba, wannan sai malami. Amma mun gwada haddar ƙa'ida shekara da shekaru, ana fita aji take zubewa. Ga hedikwatar NECO a garinmu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, kuma kowa ya san ba a shigarta sai da kiredit a lissafi. Bai kamata 'ya'yanmu su riƙa hango ƙofar Gidan Kwano daga bakin titi ba.

Don haka muke ba da shawarar a hutu mai zuwa kowane yaro ya zo da tsohuwar hula da littafin giraf, ya kwafi fure ɗaya, ya rubuta lambobin kusurwoyinsa, sannan ya gusar, ya kifa, ya juya. Muna kuma neman mai ɗinki ɗaya daga cikinmu ya zauna tare da malamin. Wanda zai iya, ya sanar da mu kafin taron wata.

Sakataren ƙungiya