Mai Awon Jini Shaida Yake Bayarwa

Kowace shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami ɗalibai masu hazaƙa da suka nemi karatun likita ba su samu ba, aka mai da su sashen kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, sai ka ga yaro ya karɓi takardarsa da sanyin jiki, iyayensa suna ta ba shi haƙuri. A ganina wannan ɓacin rai ya taso ne daga rashin sanin martabar fannin, domin likita a gaban majinyaci tamkar alƙali ne a gaban masu ƙara, mai awon jini kuwa shi ke kawo shaidar da za a gina hukunci a kanta, alƙali kuma, komai zurfin fiƙihunsa, ba ya kuɓuta daga kuskure muddin shaidunsa ba adalai ba ne.

Magabata ba su raina wannan aiki ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon sharhi a littafinsa Alƙanun game da duban fitsari, launinsa da kaurinsa da warinsa da abin da ke kwantawa a gindin kwalba, Imamu Gazali kuma ya lissafa ilimin magani cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su, duka ta yi laifi. Abin da ya sauya tun daga zamaninsu shi ne ma'auni ya karɓi aikin da ido da hanci suke yi.

A Nijeriya karatun shekara 5 ne, a jami'o'i irin su ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Bayero a Kano, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ƙarƙashin majalisar kula da sana'ar da doka ta kafa a 2003. Rassansa da yawa, akwai na ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini da na duban tsoka, amma reshen awon sinadaran jiki shi ne ya fi nuna nauyin amanar. Ɗalibi zai haddace cewa sukarin jinin wanda ya kwana bai ci ba, idan ya kai 126 a ma'aunin da aka saba, alama ce ta ciwon suga, wannan kuwa sati guda ya isa a haddace shi. Abin da ke cin shekaru shi ne ya san cewa jinin da aka ɗiba aka bari a kan tebur, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cinye sukarin da ke ciki, har mai ciwo ya fito a takarda lafiya lau. Ya san cewa idan jajayen ƙwayoyi suka farfashe wajen ɗiba, sinadarin fotasiyam zai yi hawan ƙarya, a shiga maganin abin da babu. Ya kuma san cewa awon da ke nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3 yana dogara ne ga tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyi, wadda ta kai kamar kwana 120, saboda haka ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, masu sikila kuwa ba kaɗan ba ne a ƙasarmu. Na'ura ba ta san wannan ba, lamba kawai take fitarwa, mutum ne zai ce wannan lamba ban yarda da ita ba, a sake ɗiba.

Wanda ke shakkar darajar wannan ilimi ya tuna da Zamfara a 2010, lokacin da yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa suma da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi, har sai da awon jini ya bayyana cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙan su, da yawa daga waɗanda aka auna kuwa gubar da ke jininsu ta wuce iyakar abin da ƙaramar na'urar awon ke iya karantawa.

Saboda haka abin da ke damuna ya wuce sanyin jikin ɗalibai, ya kai ga yadda ake karantar da su. A wasu makarantun ɗalibai masu ɗimbin yawa ke zagaye na'ura guda suna kallon malami, sinadaran awo sun ƙare ko zafi ya lalata su don rashin wuta, a ƙarshe a ci jarrabawa da hadda, hannu bai taɓa aikin ba. Wanda bai saba tun yana ɗalibi da gwada na'urarsa kowace safiya da samfurin da aka san adadinsa ba, kafin ya sa jinin majinyaci, da wuya ya koyi wannan ladabi bayan ya kama aiki, inda layi ya yi tsawo kuma kowa na gaggawa.

Ina kira ga hukumomin jami'o'inmu da kada su ɗauki ɗalibai fiye da abin da ɗakunan awonsu za su iya ɗauka, ga gwamnoni da attajirai kuma su sa sadakarsu mai gudana a kan na'urori da sinadarai da wutar sola. Iyaye kuwa, idan 'ya'yanku suka sami gurbi a wannan sashe, ku sa musu albarka su tafi da ƙarfin zuciya.